Mako Uku Ba Su Isa Rubuta Littafi Ba

An daɗe ana yaɗa cewa marubucin Amurka Jack Kerouac ya zuba littafinsa On the Road cikin mako uku, bai gyara ko wasali ba. Masu ƙyuyar gyara suna son wannan labari, amma rabinsa ne gaskiya. A watan Afrilun 1951 ya buga daftarin a tafireta, kan takardun da ya manne suka zama naɗi mai tsawon ƙafa 120, don kada sauya takarda ya katse masa hanzari. Sai dai tun 1948 yake gwada labarin a littattafan aljihunsa. Daga baya ya sake bugawa, ya rage, ya sauya sunayen mutanen gaske don gudun shari'a. Sai 1957 kamfanin Viking ya fitar da shi.