Makaɗin jazz ba ya busa abin da ya ga dama

Da yawa sun ɗauka idan masu goge huɗu na kiɗan gargajiyar Turai suka hau dandali tare da makaɗin jazz, su ne masu bin rubutu, shi kuwa kara-zube yake busawa. Ba haka ba ne. Yana ƙirƙira a kan tsararren zagaye, galibi gaɓa (wato ma'aunin bugun kiɗa) 12 ko 32, yana ƙirgawa a zuci. Gunther Schuller, wani mai tsara kiɗa ɗan Amurka, ya raɗa wa irin wannan haɗi suna Third Stream a 1957.

Wurin komowar masu goge bayan busar makaɗin jazz ake tuntuɓe: in ya ƙara zagaye ɗaya, masu goge sai su shigo da wuri. Shi ya sa ake tsayar da alama tun lokacin gwaji, kamar gyaɗa kai. Ganga kuma takan danne goge, sai mai ganga ya ajiye sanda ya ɗauki burushin kaɗa ganga mai sassauta sauti.