Ƙarshen aikin wucin gadi: haƙƙinka a Dokar Ƙwadago

Aikin wucin gadi a Najeriya yana ƙarewa ta hanya biyu, kowace da hukuncinta. Idan takardar ɗaukar aiki ta ce wata shida, ranar da wa'adin ya cika kwantiragi ya ƙare da kansa. Sashe na 9 na Dokar Ƙwadago ya amince da haka, ba sai an ba ka notis ba. Idan kuwa babu ranar ƙarewa a rubuce, an dai ce "zo ka fara, mu gani", sashe na 11 ne ke aiki, kuma nan ake yawan cutar ma'aikata.

Tsawon notis ya danganta da daɗewarka. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana ɗaya ne. Wanda ya haura wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Shekara 5 zuwa sama, wata ɗaya. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya kasance a rubuce, kuma ba a lissafa ranar da aka miƙa shi. Mai kamfani na iya biyan kuɗi a madadin notis, sai dai da gundarin albashi ake lissafi, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci. Wannan ƙa'ida ta hau kan ma'aikaci ma. Kada ka ajiye aiki ka ɓace, domin kana ba su hujjar da za su kama ka da ita.

Duk albashin da kake bi, doka ta ce a biya kafin notis ya ƙare ko a ranar da ya ƙare. "Dawo ƙarshen wata" ba ya cikin doka. Haka nan ba a yanke wa ma'aikaci tara daga albashi. Idan ana zargin ka lalata kaya ko ka jawo asara, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire ko kobo. Wanda ya yi wata 12 a jere yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. In ba ka ci hutunka ba, ka sa shi cikin lissafi. Giratuti kuwa, wato kuɗin sallama, sai in kwantiragi ko yarjejeniyar ƙungiya ta ambace shi.

Kafin ka miƙa katin shaida da makullai, nemi takardar ƙarewar aiki mai kwanan wata da sa hannu, ka ɗauki hoton rajistar zuwa aiki, ka adana saƙonnin alat na banki. Idan aka miƙo maka takarda cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka, karanta ta a tsanake, kada ka sa hannu sai kuɗin ya shiga. Duba kuma sunan da ke saman takardar ɗaukarka. Da yawa suna aiki a banki ko masana'anta alhali kamfanin ɗan kwangila ne ya ɗauke su, wajensa za a fara bin bashi.

Idan ana cire maka kashi 8 na fansho, binciki asusunka ka ga ko an zuba, tare da kashi 10 na mai kamfani. In wata 4 ya wuce ba ka samu wani aiki ba, kana iya neman kashi 25 na abin da ke ciki.

In an hana ka haƙƙinka, rubuta wasiƙar neman biya, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Daga nan sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka domin sasantawa, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da Abuja. Dokar Ƙwadago ta shafi masu aikin ƙarfi da na akawu ne. Manajoji da ƙwararru, abin da ke rubuce a kwantiraginsu kotu za ta fara dubawa.