As biyu a hannu: lamo ba kullum yake biya ba

A fadojin Damagaram, inda samari ke kallon gasar poka, wato wasan karta na zuba kuɗi, a waya suna jiran shayi, akwai maganar da ta daɗe tana yawo: wai in mutum biyu suka rage a tebur kuma ka samu as biyu, wato biyu daga kartar da ta fi kowace daraja, ka yi lamo, kada ka ƙara zubi, har abokin karawa ya faɗa tarko.

Amma yawanci dabarar nan mai ita take cutarwa. As biyu sau ɗaya suke zuwa cikin rabon karta 221, kuma suna doke kartar da aka raba wa ɗayan kusan sau 85 cikin 100. Ranar da suka zo, ranar cika tebur da zubi ce, don abin da ba a zuba ba, ba a cinsa. Kowace kartar tsakiyar tebur da ka bari aka buɗe kyauta kuwa, dama ce ga abokin karawa ya haɗa karta biyar a jere ko biyar masu alama iri ɗaya, ya doke ka.

Ga wani abu. A wasan mutum biyu ana yawan ƙara zubi ko da karta mai rauni. Wanda ya saba ƙarawa, kwatsam ya yi tsit, ai ya tona kansa. Ƙara yadda ka saba.

Lamo sai gaban mai zafin hannu, wanda in ka yi shiru shi zai zuba maka.