Mene ne karon igiyoyin haske?

Idan haske ya haɗu da haske, kowa zai ce ƙaruwa zai yi. Ba kullum ba. Akwai inda duhu ake samu, kuma wannan yana cikin abin da masana kimiyya ke kira karon igiyoyi.

Thomas Young, wani likita ɗan Ingila, shi ya kai hujjar gaban ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, Royal Society, a 1803, lokacin da ra'ayin Newton na cewa haske ƙananan ƙwayoyi ne ya yi kane-kane. A yau gwajin ba wuya. A yi tsaga biyu sirara dab da juna a jikin kati, a haska su da leza (fitila mai siririn haske launi ɗaya), a dubi bango. Maimakon layi biyu, sai ga ratsi-ratsi a jere: haske, duhu, haske, duhu.

Dalili shi ne haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, da tudu da kwari. Tazarar tudu zuwa tudu ita ce tsawon zango, kuma a hasken da ido ke gani ba ta wuce nanomita 400 zuwa 700 ba (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita). Kowace tsaga tana sakin tata igiyar. Inda tudu ya hau kan tudu, haske ya yi ƙarfi. Inda ɗayar ta makara da rabin zango, tudu ya faɗa kwari, sun kashe juna ke nan.

Lissafin ƙarfin hasken ne ke rikita ɗalibai. Ba tsayin tudun ake ɗauka kai tsaye ba, ninka shi ake yi da kansa. Tudu ya ninku biyu, ƙarfi ya zama biyu sau biyu, wato huɗu. Saboda haka ratsin tsakiya ya ninka hasken tsaga ɗaya har sau huɗu, na kusa da shi kuwa sifiri. Ba abin da ya salwanta, hasken da aka rasa a wurin duhu shi ne ya taru a wurin haske. A toshe tsaga ɗaya, nan take wurin duhun zai yi haske. Ni dai wannan ya fi komai ba ni mamaki.

Jan leza mai tsawon zango nanomita 650, tsagogi masu tazarar rubu'in milimita, bango a nisan mita 2: ratsin za su yi wajen milimita 5 tsakaninsu. A matso da tsagogin kusa, ratsin su ƙara warwatsuwa.

Fitilu biyu dabam kuwa ba za su nuna wannan ba, domin igiyoyinsu ba sa tafiya da taki ɗaya.