Scum (kundin waƙoƙin Napalm Death)

Scum shi ne kundin waƙoƙi na farko na ƙungiyar Napalm Death ta ƙasar Ingila. Kamfanin Earache da ke Nottingham ne ya fitar da shi a watan Yulin 1987. Waƙoƙi 28 ne a ciki, amma duka-duka tsawonsa bai fi minti 33 da 'yan daƙiƙu ba. Ana lissafa shi cikin tushen grindcore, wani salon kiɗa mai tsananin sauri da ƙara.

Asali

An kafa ƙungiyar wajen 1981 a ƙauyen Meriden, kusa da Coventry, lokacin masu kafa ta suna 'yan makaranta. Daga baya suka riƙa wasa a mashayar Mermaid da ke Birmingham, matattarar matasan da ba ruwansu da manyan kamfanonin waƙa, waɗanda kaset ɗinsu ke yawo daga hannu zuwa hannu ta gidan waya.

Ɗaukar sauti

Abin da ya bambanta faifan shi ne kusan ƙungiyoyi biyu ne suka yi shi da suna ɗaya. Fuskar farko ta faifan, mai waƙoƙi 12, an ɗauke ta a 1986 a sutudiyon Rich Bitch na Birmingham: Nicholas Bullen na rera waƙa yana kaɗa bes (jita mai kaurin sauti), Justin Broadrick na kan jita, Mick Harris na kan ganguna. Kafin a ɗauki fuska ta biyu a 1987, Bullen da Broadrick duk sun kama gabansu. Sai Lee Dorrian ya karɓi rera waƙa, Bill Steer jita, Jim Whiteley bes. Harris kaɗai ne ya buga a fuskokin biyu.

Ana jin bambancin da kunne. A fuskar farko akwai sauran ƙanshin kiɗan punk, har mutum kan tsinci kalma nan da can. A ta biyu kuwa murya ta koma gurnani, jita ta yi kauri, ganguna na zuba kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Waƙar "You Suffer" ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Kundin bajinta na Guinness ya taɓa sanya ta a matsayin waƙa mafi gajarta.

Jigo

Baitocin suna caccakar manyan kamfanoni, jari-hujja da danniya. Jeff Walker na ƙungiyar Carcass ne ya zana bangon.

Karɓuwa

John Peel na gidan rediyon BBC ya riƙa sa waƙoƙin a shirinsa, ya kuma gayyaci ƙungiyar ta yi masa wasa, abin da ya fito da ita daga lungu. Ana saɓani kan ko Scum ne farkon grindcore. Wasu na cewa ƙungiyoyin Siege da Repulsion na Amurka ne suka riga Napalm Death.

Daga baya Broadrick ya kafa ƙungiyar Godflesh, Dorrian ya kafa ƙungiyar Cathedral, Steer ya ci gaba da ƙungiyarsa ta Carcass. Napalm Death na nan har yau, sai dai babu ko mutum ɗaya a cikinta da ya buga a Scum.