Ma'anar Otofaji: Yadda Ƙwayar Halitta Ke Cin Kanta Idan Yunwa Ta Matsa

Otofaji kalma ce da ta baro ɗakunan binciken kimiyya ta shiga bakin jama'a a kafafen sada zumunta, musamman idan ana zancen azumi da rage ƙiba. Asalinta daga harshen Girka ne, ma'anarta kuwa "cin kai", kuma masanin nan ɗan ƙasar Beljiyam, Christian de Duve, shi ya raɗa ta a shekarar 1963. Abin da ake nufi da ita shi ne hanyar da ƙwayar halitta, wato ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jikin kowane mai rai da shi, ke bi ta tattara sassanta da suka tsufa ko suka lalace, ta naɗe su cikin wata jaka mai ruɓi biyu, sannan ta kai su wurin da za a narkar da su domin a sake amfani da abin da ya fito. Lamarin ya yi kama da aikin maƙeran da ke sayen tsofaffin gwangwanaye su narkar, su zuba sabuwar tukunya.

De Duve ya ga alamun wannan aiki a cikin ƙwayoyin dabbobi, amma an shafe kusan shekara talatin ba a san abin da ke tafiyar da shi ba. Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Yoshinori Ohsumi, ɗan ƙasar Japan, wanda ya kafa ɗakin bincikensa a Jami'ar Tokyo a 1988, kuma da yis ya yi aikin, wato wannan da ake zubawa a ƙullun burodi ya kumbura. A cikin ƙwayar yis akwai wani babban gurbi mai suna bakiyol, inda ake narkar da tarkace. Dabarar Ohsumi ita ce ya ɗauki irin yis ɗin da ba shi da sinadaran narkarwa a cikin wannan gurbi, sannan ya hana shi abinci mai naitirojin. Tunda ana ta kawo kaya amma babu mai narkarwa, sai ƙananan jakunkuna suka taru suka cika gurbin, har ana iya ganinsu suna motsi a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu. Ya wallafa wannan a 1992, a shekarar da ta biyo baya kuma shi da abokan aikinsa suka bayyana ƙwayoyin gado 15, wato umarnin da ƙwaya ke gada wanda ke tsara ayyukanta, waɗanda in babu su aikin ba ya yiwuwa. Daga baya aka tarar da takwarorinsu a jikin tsirrai da ƙudaje da ɗan Adam, abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2016, shi kaɗai.

Tambayar da ta fi jan hankali a ganina ita ce yadda ƙwayar ke sanin cewa lokacin ya yi, domin ba ta da ido balle kunne. Amsar tana wajen wani furotin da ake kira TOR, wanda aka gano a cikin yis a 1991 a ɗakin binciken Michael Hall da ke birnin Basel. Muddin akwai wadataccen abinci, TOR na nan a kunne, yana ingiza ƙwayar ta gina sababbin furotin ta girma, yana kuma danne wani furotin mai suna Atg13 don kada ya haɗu da abokin aikinsa Atg1. Da zarar abinci ya yi ƙaranci sai TOR ya lafa, su biyun su haɗu, daga nan ginin jakar ya fara. Akwai kuma wani mai lura da ƙarfin da ya rage wa ƙwayar, wanda a jikin mutum ake kira AMPK, shi kuma yakan taimaka wajen tayar da aikin idan makamashi ya ja baya. Maganin rapamaisin, wanda ke kashe kaifin TOR, daga wata ƙwayar bakteriya aka samo shi a cikin ƙasar da aka ɗebo daga tsibirin Rapa Nui na tekun Fasifik, kuma likitoci na ba da shi ga waɗanda aka yi wa dashen ƙoda.

Ba yunwa kaɗai ke tayar da otofaji ba. Ƙarancin iskar shaƙa, da taruwar furotin masu lahani, da shigar ƙwayoyin cuta irin na tarin fuka, duk suna iya kunna ta. A 2004 masu bincike a Japan sun nuna cewa ɓerayen da aka cire musu ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon otofaji sukan mutu cikin kwana guda da haihuwa, saboda jariri na dogara da wannan hanya tsakanin yankewar cibiya da kamawar nono. Haka nan an danganta wasu nau'o'in cutar Fakinsin (mai sa karkarwar jiki) da ake gado da gazawar ƙwaya wajen kwashe sassanta masu samar da ƙarfi idan sun lalace.

Game da azumi kuwa, ya kamata a yi hattara da abin da ake yaɗawa. Gaskiya ne rashin abinci na ƙara wannan aiki a yis da ɓeraye, amma Ohsumi bai gwada masu azumi ba, kuma ba don binciken azumi aka karrama shi ba. Masu cewa otofaji na "farawa" bayan awa goma sha shida sun manta cewa tana gudana a kowane lokaci, sai dai ta ƙaru ko ta ragu, sannan auna ta a cikin hanta ko ƙwaƙwalwar mutum mai rai abu ne mai matuƙar wuya. Masu cewa tana maganin cutar daji su ma sun faɗi rabin magana ne, domin ko da yake tana iya kare lafiyayyar ƙwaya daga rikiɗewa, ƙwayoyin dajin da suka riga suka kafu sukan fake da ita su jure yunwa da zafin magani, shi ya sa ake gwada magungunan da ke toshe ta, irin su kulorokwin, a kan wasu masu fama da cutar.