Me gasar muhawara ke koya wa ɗalibin sakandare?

Ba koyon gardama ba ne kawai?

Iyaye da yawa haka suke ɗauka, kuma na fahimci fargabarsu. Sai dai muhawara tana da agogo da alƙalai. A gasar duniya ta 'yan makaranta, wadda aka fara a Ostiraliya a 1988, kowane ɓangare mutum uku ne, kowa yana da minti 8, sannan kowane ɓangare ya rufe da jawabin minti 4. Cikin maki 100, hujja tana da 40, salon magana 40, dabara 20. Mai zaƙin baki da ya zo hannu rabbana ba zai kai labari ba.

To mene ne babban amfaninta?

A wurina, kare ra'ayin da ba naka ba. Ɗalibi ba ya zaɓar ɓangarensa, ba shi ake yi. Yarinyar da ta tsani dokar hana riƙe waya a makaranta sai ta wayi gari ita ce mai kare dokar. Dole ta zauna ta nemo dalilai mafi ƙarfi na mutanen da take ganin ba su da gaskiya, kuma sau da yawa a nan take gane cewa su ma suna da abin faɗa.

Ga kuma sauraro. Ka lura da ɗalibin da ke zaune yayin da abokin karawarsa ke magana: kansa a sunkuye, biro na gudu a takarda, yana rubuta hujjojin wancan ɗaya bayan ɗaya don ya amsa su. In ya ga ɓaraka sai ya miƙe ya nemi izinin tambaya, mai magana ya karɓa ko ya ƙi. Manya nawa ne suka iya sauraron wanda suke adawa da shi minti takwas cur?

Yaro mai kunya fa?

Shi ya fi kowa buƙata. Ranar farko takarda za ta yi ta rawa a hannunsa, murya ta shaƙe. Da maimaici tsoron ke raguwa.

Tana taimaka wa karatun aji?

Ƙwarai. Akwai maudu'an da ake bayarwa saura awa ɗaya a fara, ba intanet, ba malami. Abin da ka karanta tun tuni kan tattalin arziki, shari'a ko kimiyya shi zai fisshe ka. Wanda ya saba jero da'awa, dalili da misali a baki, rubutun insha'i ba ya ba shi wuya.

Ba ta da illa?

Tana da ita. Son cin kofi kan sa yaro ya fifita nasara a kan gaskiya, har a wasu gasannin Amurka ɗalibai kan zuba magana da saurin da mai sauraro ba ya iya bi. Wannan aikin malamin da ke horar da su ne: bayan kowace karawa ya zaunar da su ya tambaye su wace hujjar abokan hamayya ce ta fi ƙarfi, ko da su suka ci.